Suna Linzami Ne, Amma Wa Ke Riƙe Da Shi?

Duk lokacin da kakar siyasa ta kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a kasuwa, da tashar mota, har ma da ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada: "Kai na wane ɓangare ne?" Mai wannan tambaya ba dogon bayani yake nema ba. Kalma ɗaya tak yake so ya ji, ko sunan jam'iyya, ko "ɗan ci gaba", ko "ɗan ra'ayin riƙau", ko kuwa "namu ne". Da zarar ya ji, shi ke nan, a ganinsa ya gama karanta mutumin daga kai har ƙafa, ya san abin da yake so da abin da yake ƙi, ya kuma san ko ya cancanci a gaishe shi gobe. To, da yake an soma kaɗa gangar zaɓen 2027, mun ga ya kamata mu tsaya tare da masu karatunmu mu duba waɗannan sunaye da kyau, mu ga ko lalle suna faɗin abin da ke cikin zuciyar mai ɗauke da su.

Bari mu fara da sunaye biyu da 'yan boko suka fi ƙauna, watau "hagu" da "dama". Asalinsu daga Faransa ne. A shekarar 1789, sa'ad da wakilan jama'ar ƙasar suka taru a majalisa lokacin juyin juya hali, masu goyon bayan sarki da tsohon tsari suka riƙa zama ta hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma ta hannun hagunsa. Daga wurin zama kawai sunan ya fito. Da tafiya ta yi tafiya, a ƙasashen Turai aka riƙa kiran mai son gwamnati ta sa hannu sosai cikin tattalin arziki domin kare talaka ɗan hagu, mai son a sakar wa kasuwa mara a kuma riƙe al'adun kaka da kakanni ɗan dama. A wurinmu kuwa, inda ake kwaɓar yaro in ya miƙa wa babba abu da hannun hagu, kalmar ta iso da wani nauyi dabam tun kafin a fassara ma'anarta.

Ƙasarmu ta taɓa gwada waɗannan sunaye a fili, kuma manya daga cikinmu ba su manta ba. A watan Oktoba na 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa 13 da suka nemi zama jam'iyyu rajista, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta. Aka ce SDP mai alamar doki ta ɗan karkata hagu, NRC mai alamar gaggafa kuma ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta raɗa musu suna, ita ta tsara musu kundin manufofi, ita ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, ita ta ba su kuɗin aiki. Sa'an nan aka ce wa 'yan Nijeriya kowa ya duba zuciyarsa ya ga ko shi ɗan hagu ne ko ɗan dama, ya je ya yanki kati.

Me ya biyo baya? Mutane ba su duba kundi ba, sai suka duba inda ubangidansu ya nufa, da inda abokin hamayyarsu na gari ya shiga, domin su shiga ɗaya ɗakin. Jam'iyyar da aka ce ta hagu ce ta zama gidan Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Matawallen Katsina, wanda mahaifinsa minista ne a gwamnatin NPC. Ita ce kuma ta tsayar da Cif Moshood Abiola takarar shugaban ƙasa, mutumin da yake cikin manyan attajiran Afirka a lokacin. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, Abiola da abokin karawarsa na NRC, Alhaji Bashir Tofa, dukansu biyu tsofaffin 'yan NPN ne a jamhuriya ta biyu. Ashe gida ɗaya suka fito, aka sa wa ɗaya rigar hagu, ɗaya ta dama.

Zaɓen gwamnoni na watan Disamba 1991 ya ƙara tona asirin. Jihar Kano, mahaifar NEPU da PRP, inda kowa ya sani siyasar talakawa ta yi jijiya, ta faɗa hannun NRC, Kabiru Gaya ya zama gwamna. Legas ma, wadda ake kira cibiyar 'yan ci gaba, NRC ta cinye ta, Michael Otedola ya hau. Kanawa da mutanen Legas ba su kwana suka tashi da sabon ra'ayi ba. Rikicin cikin gida ne ya raba SDP a jihohin biyu, waɗanda aka ɓata wa rai suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya. Wanda ya dubi taswirar zaɓen ya ce Kano ta koma dama, ya yi kuskure babba. A watan Nuwamba na 1993 kuwa Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun biyu da sanarwa ɗaya. Sunan da soja ya raɗa, soja ya share, ba mu kuma ji wani ya yi makokin hagu ko dama ba.

Amma fa kada a ɗauka muna cewa kowane suna fanko ne. Akwai sunayen da mutane suka saya da tsada. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wanda ya ɗaga murya ya ce "Sawaba" ya san abin da ke jiransa: dukan 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama saboda wannan suna, tana neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da ba su samu ba sai a 1976. Haka nan da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, talaka ya ji sauƙin a aljihunsa. A ƙasar Tibi da Filato ma, wanda ya bi UMBC ta Joseph Tarka ya san abin da yake nema, watau jiha ta mutanen Tsakiyar Nijeriya, ya kuma sha wuya a kansa. Waɗannan sunaye sun yi nauyi domin akwai wata buƙata guda, bayyananniya, da ke bayansu, wadda ko wanda bai je makaranta ba zai iya faɗin ta.

Duk da haka, ko su ɗin ba su iya ɗaukar dukan mutum ba. Ba a yi shekara biyu da nasarar PRP ba sai ta dare gida biyu, 'yan santsi a bayan gwamnonin, 'yan taɓo a bayan Malam Aminu Kano, kowane ɓangare yana rantsuwa shi ne na talakawa na ainihi. Majalisar jihar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Ta ɗaya gefen kuma, NPC da ake kira ta 'yan mazan jiya ita ce ta sa kuɗin gwamnati cikin masaƙar Kaduna a 1957, ta buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kafa banki da kamfanin raya Arewa. In da Bature ya auna wannan aiki da ma'auninsa, ai hagu zai kira shi.

Ko mu dubi Farfesa Ishaya Audu. Bahaushe ne Kirista, ya yi karatu a Wusasa, ya zama likitan Sardauna, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a NPP a 1979, sa'an nan ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. A wane kwando za a sa shi? A gidan Matawallen Katsina ma, uba yana NPN, ɗansa Umaru yana PRP, shi ne kuma daga baya ya zama shugaban ƙasa a ƙarƙashin PDP a 2007. Rayuwar mutum ta fi kati faɗi.

Zamanin da muke ciki bai canza wannan darasi ba, sai ma ƙara fito da shi da ya yi. A 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗu suka kafa APC, suka sa kalmar ci gaba cikin sunanta. Kafin shekarar ta ƙare gwamnoni biyar na PDP suka sauya sheƙa zuwa cikinta. Ranar Litinin ana kiransu 'yan ra'ayin riƙau, ranar Talata sun zama 'yan ci gaba, alhali mutanen ba su canza ba, halinsu bai canza ba, hula kaɗai aka sauya. Tun daga nan zirga-zirgar ba ta tsaya ba, har ya zama da wuya a sami babban ɗan siyasa da bai kwana a gida biyu ko uku ba.

Batun tallafin man fetur ya isa misali. A watan Janairu 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin, 'yan adawa na lokacin suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, aka cika tituna da zanga-zanga. A zaɓen 2023 kuwa, manyan 'yan takara uku, Bola Tinubu na APC, da Atiku Abubakar na PDP, da Peter Obi na jam'iyyar Leba, duk sun ce za su cire shi. Jam'iyyar Leba ɗin nan ƙungiyar ƙwadago ce ta haife ta, amma ɗan takararta ɗan kasuwa ne, tsohon shugaban banki, wanda ya shige ta 'yan watanni kafin zaɓe bayan ya bar PDP. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da ƙarshen tallafin. Ba muna yanke hukunci a nan ko cire shi daidai ne ko kuskure ba. Abin da muke nunawa shi ne, a kan maganar da ta fi kowace taɓa tukunyar kowane gida, sunayen jam'iyyu uku ba su gaya wa mai zaɓe kome ba.

To, wannan na manya ke nan. Mu kuma fa? Mu ɗauki wata uwa daga cikin zumuntar mata a kowace ikkilisiya ta karkara, mu zauna mu tambaye ta abu ɗaya bayan ɗaya. Tana so gwamnati ta sauko da kuɗin takin zamani, ta sa magani a asibiti kyauta ga mai ciki. Bisa ma'aunin Turawa, 'yar hagu ce. Tana so a tsananta horo a makaranta, a rufe mashayar da ke lalata mata 'ya'ya, a girmama aure. Nan kuma 'yar dama ce. Tana cewa makarantun mishan sun fi inganci kafin gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, tana so a mayar, watau ta fi amincewa da masu zaman kansu. Amma in aka ce za a sayar da kamfanin ruwan garinsu ga ɗan kasuwa, ita ce za ta fara ƙi. Tana durƙusa wa sarkin garinsu, tana kuma so a ba 'yarta gadon gona daidai da ɗanta. A kan ɓarayin daji ba ta son sassauci ko kaɗan, amma ita ce ke kai abinci gidan yari ranar Asabar. Wane suna ɗaya ne zai ɗauki wannan mata? Kuma ba ruɗewa ta yi ba. Kowane ra'ayi nata daga abin da ta gani da idonta ya fito. Ma'aunin ne ya gaza, domin ba don ita aka sassaƙa shi ba.

In haka ne, me ya sa muke riƙe sunayen nan da ƙarfi? Domin yawancin lokaci suna ba ra'ayi yake nunawa ba, dangi yake nunawa. Wani yana jam'iyyar da yake ciki ne domin can mahaifinsa ya tsaya. Wani domin ɗan garinsu ne kansila. Wani domin ƙauyen da suke rikicin iyaka da shi yana ɗaya jam'iyyar. Wani kuma an taɓa taimakonsa da kuɗin asibiti, ya ga kunya ce ya juya baya. Waɗannan dalilai ne na 'yan adam, ba ma raina su. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da mutum ya fara karɓar ra'ayi daga sunan, maimakon ya zaɓi suna saboda ra'ayinsa. Jiya yana kukan tsadar mai, yau da yake mutanensa ne a sama sai ya ce ai gyara ne. Jiya yana la'antar satar akwatin zaɓe, yau da aka sata domin nasa sai ya ce siyasa ta gāji haka. Hausawa sun ce suna linzami ne, gaskiya ne kuwa, amma doki ba shi ke riƙe da linzaminsa ba.

Dole mu taɓa sunan da ya fi kusa da mu, ko da yake magana ce mai zafi. Sau da yawa ana gaya mana cewa Kiristan Arewa ƙuri'a ɗaya ce, Musulmi ma haka. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Ranar 12 ga Yuni 1993, Abiola da mataimakinsa Babagana Kingibe dukansu Musulmi ne, Tofa kuma ya ɗauki Kirista, Dokta Sylvester Ugoh. Duk da haka Filato da Binuwai da Taraba Abiola suka zaɓa, Kano kuma ta juya wa ɗanta Tofa baya, kafin a soke zaɓen. Bayan shekara 30, a 2023, aka sake tsayar da Musulmi biyu a takara ɗaya, aka yi ta muhawara mai zafi a cikinmu. Filato ta bi Obi. Binuwai kuwa, da ɗan ƙaramin rinjaye, ta bi Tinubu, ta kuma zaɓi limamin Katolika, Fada Hyacinth Alia, gwamna a APC. Ko tun zamanin Sardauna akwai Kiristoci a NPC, akwai su a UMBC. Damuwarmu game da adalci wajen rabon muƙamai, da izinin gina wuraren sujada, da tsaron ƙauyukanmu, damuwa ce ta gaske, ba za mu daina faɗin ta ba. Amma sunan baftisma a kan fosta bai taɓa zama shaidar cewa mutum ba zai ci kuɗin fanshon malamai ba. Mun ga waɗanda suka zo suka durƙusa a gaban bagade ana saura mako biyu zaɓe, ba mu ƙara ganinsu ba sai bayan shekara huɗu.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɓarnar da sunayen nan ke yi a tsakaninmu. Mun ji labarin dattawan ikkilisiya da suka daina gaisawa bayan zaɓe, da ƙungiyoyin mawaƙa da suka rabu, da ɗan'uwan da aka kira maci amana domin ya dangwala wa wata alama dabam. Su kuwa 'yan takarar da aka yi faɗan dominsu, kafin a kai ga zaɓe na gaba sun haɗu a jam'iyya ɗaya, 'ya'yansu suna auren juna, mu an bar mu da gaba. Da a ce 'yan'uwan nan biyu sun zauna sun tambayi juna abin da kowa yake so game da makaranta, da hanya, da taki, da tsaro, da sun tarar cikin abu goma sun yarda a kan takwas.

Saboda haka ga shawararmu. Da farko, kowa ya tambayi kansa tun kafin masu neman ƙuri'a su iso: waɗanne abubuwa uku ne suka fi damuna, me kuma nake so a yi a kansu? A rubuta in an iya, a tattauna a gida. Na biyu, in ɗan takara ya zo ya ce shi ɗan ci gaba ne, ko na talakawa ne, ko namu ne, a ce masa madalla, sa'an nan a tambaye shi dalla-dalla: nawa ka ware wa makarantun firamare sa'ad da kake kan kujera? Ka biya albashi a kan kari? Ka bar kuɗin ƙananan hukumomi ya isa gare su? Ina kake ranar da aka kai wa ƙauyen nan hari? In ya sauya jam'iyya, me ya raba ka da ta dā, manufa ce ko kuwa tikitin takara? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. Na uku, ma'aunin da muka auna abokin hamayya da shi, mu auna namu da shi, gama mudu biyu a kasuwa ɗaya zamba ce. Na huɗu, muna roƙon fastoci da dattawa su koya wa jama'a yadda ake tambaya, su bar wa kowa lamirinsa a rumfar zaɓe, kada a mai da wurin wa'azi dandalin kamfe.

Ba muna cewa kowa ya yar da katinsa ba. Siyasa ba ta yiwuwa sai da jam'iyya, muna ma so mu ga ƙarin 'ya'yanmu masu tsoron Allah sun shiga sun yi aiki daga ciki, har jam'iyyunmu su kai matsayin da sunansu zai zama alkawari da za a iya kama su da shi. Kafin ranar nan ta zo, mu riƙe suna a matsayinsa na alama a bakin hanya, wadda ke nuna inda mutum ya tsaya yau kaɗai. In an tambaye ka na wane ɓangare ne kai, ba laifi ka faɗa, amma ka ƙara da dalili. In kuma ɗan'uwanka ya faɗi nasa ya saɓa da naka, ka ja kujera ka ji dalilinsa kafin ka yanke masa hukunci. Ranar Lahadi mai zuwa benci ɗaya za ku zauna, ranar Litinin kuma mudun masara kuɗi ɗaya za a sayar muku.

Allah ya ba mu hikima da haƙuri da juna, ya ba ƙasarmu shugabanni masu adalci da zaman lafiya. Amin.